Bashi tsakaninka da naka: yadda ake bayarwa a karɓa, zumunci bai ɓaci ba

Hausawa suna da baki biyu a kan kuɗi, kuma kowanne da gaskiyarsa. Sun ce kuɗi ƙare magana, sun yi musu kirari da masu gidan rana. Su ne dai suka ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa, suka ce gaskiya ta fi kwabo, har jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939 ta ɗauki maganar ta yi suna da ita. Ka tambayi dattijo abin da ya fi daraja a duniya, zai lissafa maka imani, lafiya, mutunci, zuri'a da jama'a kafin ya zo kan naira. Inda ake gwada waɗannan maganganu da gaske shi ne ranar da ƙaninka ko surukinka ko abokin tasowarka ya zo, ya gama gaisuwa, ya sunkuyar da kai ya ce yana neman rance.

Yawancin rigimar bashi tsakanin dangi daga kunya take farawa. An ji nauyin a faɗi ranar biya, an ji nauyin a rubuta, an ji nauyin a tuna. Bayan shekara sai ka ga mutum biyu da suka sha nono ɗaya suna sauya hanya a wurin ɗaurin aure. Wanda yake son ya tsare mutunci, nasa da na ɗan'uwansa, dole ya daure ya yi maganar kuɗin filla-filla tun ranar farko.

Kafin ka sa hannu a aljihu

Fara da raba abu uku da mutane suke cakuɗawa: kyauta, rance, da jari. Kyauta ta tafi ke nan. Rance ana mayar da shi daidai yadda aka karɓa, ba ƙari. Jari kuwa kuɗi ne ka ba mutum ya juya, ku raba riba bisa kason da kuka yanka, rabi da rabi ko ɗaya bisa uku, in an yi asara ba da sakacinsa ba ta faɗa kan kuɗinka, shi kuma ya yi asarar wahalarsa. Idan ka ce masa "ga naira 500,000, ka riƙa ba ni 30,000 duk wata, kuɗina kuma suna nan", wannan ba jari ba ne, bashi ne da ruwa, ko da kun kira shi da wani suna. Ka furta da bakinka wanne ne cikin ukun, shi ma ya maimaita. Kalmar "taimako" ita ce mai haɗa faɗa, don mai bayarwa yana nufin rance, mai karɓa ya ji kyauta.

Sai nawa za ka bayar. Kasa abin hannunka gida uku a zuciyarka: na cefane da haya da makaranta da asibiti, uwar kuɗin sana'arka, sai rarar da ta saura. Daga rarar kaɗai ake ba da bashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗan kasuwar da ya yanki uwar kuɗinsa ya ranta, nan da wata uku shi ma zai shiga layin masu neman rance. Daga nan ka tambayi kanka: in kuɗin nan ba su dawo ba har abada, zan iya zuwa sunan ɗansa in ci abinci da zuciya ɗaya? Idan amsar a'a ce, rage adadin har ka kai inda amsar za ta zama e. Kuɗin amana kuwa, na adashe ne, na masallaci, na marayu ko na maigidanka a kasuwa, ba naka ba ne balle ka yi alheri da su.

Ka tambayi abu biyu, kada ka ji nauyi: me za a yi da kuɗin, kuma daga ina za a biya? Ta biyun ta fi muhimmanci. "Allah zai kawo" addu'a ce, mun kuma yi imani da ita, amma mai albashi ya ce ƙarshen wata, manomi ya ce kaka, ɗan tireda ya ce in kayan sun fita cikin sati uku. Wanda ba shi da amsar nan bashi zai zame masa ƙaya, kai kuma ka zame masa dodo.

Dalilin ma yana sauya hukunci. In asibiti ne, lafiya uwar jiki, ba a tsayawa dogon lissafi. Abin da ya fi a nan shi ne ka ba da abin da za ka iya kyauta, ka kira sauran dangi kowa ya kawo nasa, domin mutumin da ya tashi daga jinya ba ya tashi da ƙarfin biyan bashi. In kayan sana'a ne ko kuɗin makaranta, ka biya kai tsaye wurin dila ko asusun makarantar, kuɗin ba sa ratsewa hanya. In kuwa lefe ne ake son a ƙara akwati, ko a kama babban zauren biki don kada a raina, to wannan kuɗi ne da ba sa haihuwa, kuma maganar mutane ta riga ta yanke: iya kuɗinka iya shagalinka.

Hanawa ma tana da ladabi. Kada ka yi rantsuwar ƙarya cewa ba ka da ko sisi, gobe zai gan ka da sabon babur. Kada kuma ka ce "dawo jibi" alhali ka san ba za ka bayar ba, wannan ya fi hanawa ciwo. Ka ce: "Yaya, 200,000 ba ni da halinsu yanzu. Ga 20,000, ba bashi ba ne, ka rage wani abin." Mutum yakan manta an hana shi, amma da wuya ya manta an yi masa yawo da hankali.

Takarda da shaidu

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. Ta ce in an ƙulla bashi zuwa wani ajali sananne a rubuta shi, wanda bashin yake kansa shi ne zai faɗa a rubuta, a kafa shaidu maza biyu, in ba a samu ba namiji ɗaya da mata biyu, kuma kada a ƙosa da rubutawa, ƙarami ne ko babba. Mafi yawan malamai sun ɗauki umarnin a matsayin abin so, ba wajibi ba, amma ga mai jin kunya wannan aya babbar mafaka ce. Ba sai ka ce "ban yarda da kai ba". Ka ce: "Mu bi abin da Allah ya ce, saboda rai da ajali." Babu ɗan'uwan kirki da zai yi fushi da wannan.

Takardar ba ta buƙatar lauya. Rabin shafi ya isa, da boko ko da ajami, muddin abubuwan nan suna ciki: cikakken sunan mai bayarwa da mai karɓa, adadin kuɗin da lamba da kuma kalmomi, ranar da aka bayar, ranar biya, yadda za a biya, da sa hannu ko dangwalen mutum huɗu. Ga yadda za ta iya kasancewa:

"Ni wane ɗan wane na karɓi rancen naira 300,000 (dubu ɗari uku) daga hannun wane ɗan wane yau, ranar kaza ga watan kaza. Zan biya 50,000 ranar 5 ga kowane wata har wata 6, farawa daga watan kaza. Babu ƙari a kai. An yi a gaban wane da wane."

A yi kwafi biyu, kowa ya riƙe ɗaya, kowa kuma ya ɗauki hotonta a waya. Duk biyan da aka yi a rubuta a bayan takardar da kwanan wata da abin da ya saura.

Wuraren da ake tuntuɓe sanannu ne. Na farko ajali marar kai: "in na samu", "bayan salla", "in an biya mu". Wace sallar, ƙarama ko babba? A sa rana da wata. Na biyu shaidu. Kada ka kafa ɗanka ko mahaifinka ko matarka, don a fiƙihun Malikiyya ba a karɓar shaidar da ɗa zai yi wa uba, ko uba ga ɗa, ko tsakanin miji da mata, a abin da zai amfane su. Nemi maƙwabci ko abokin sana'a wanda ku duka kuke ganin girmansa, kuma kada shaidun biyu su zama tsofaffi tukuf. Na uku tura kuɗi ta waya. In ta asusunka ka tura, rubuta "rance" a gurbin bayani, ka ajiye rasit. In ta mai POS ka tura, sunanka ba zai fito a wurin wanda ya karɓa ba, saboda haka ka riƙe 'yar takardar, ka ɗauki hotonta nan take don tawadarta tana gogewa, ka sa shi ya turo maka saƙo cewa kuɗi kaza sun shigo. Inda rubutu ya gagara gaba ɗaya, saƙon murya a WhatsApp da ya ambaci adadi da ranar biya ya fi babu nesa ba kusa ba.

Mata su lura da wannan sosai. Kuɗin da mace ta ranta wa mijinta, na sadakinta ne, na gadonta ko na sana'arta, bashi ne kamar kowane bashi. Shi ne kuma wanda aka fi ƙin rubutawa, shi ne aka fi musantawa ranar da aure ya mutu ko aka zo rabon gado da kishiyoyi. Ta sa waliyyinta ko wani babba a dangin mijin ya sani.

Ajali, da darajar kuɗi

Biya kaɗan-kaɗan ya fi biya dunƙule sauƙin cikawa. Wanda ya kasa tara 300,000 a hannu zai iya fitar da 50,000 sau shida. Ka ɗaura ranar biya da ranar da kuɗi suke shigo masa: kwana biyu ko uku bayan albashi, yammacin ranar kasuwar garinsu, ko bayan an kai amfanin gona gida. Kason kada ya wuce abin da zai bar masa na abinci, in ba haka ba wata na biyu zai fara ɓuya.

Akwai abin da masu bayarwa ba sa lissafawa. Hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. A irin wannan shekara, naira 100,000 da ka ranta in ta dawo bayan wata 12, abin da za ta saya kusan na 74,000 ne a ranar da ka bayar. Ba halal ba ne ka sharɗanta ƙari don cike wannan giɓi. Abin da za ka iya shi ne ka gajarta ajali, ko ka ba da rancen da abin da ba ya narkewa. Buhun masara a mayar da buhun masara, tiya 40 a mayar da tiya 40, iri ɗaya, da kwanon awo ɗaya. Mutanen Maraɗi da Damagaram da suke hulɗa da 'yan'uwa a Katsina ko Kano su faɗa a takarda da wane kuɗi aka bayar, sefa ko naira, domin da shi za a biya, ko canji ya hau ko ya sauka.

Manomi da yake neman kuɗin taki da damina yana da wata hanya da shari'a ta yarda da ita: ya sayar maka da hatsin da zai kawo da kaka, ka biya shi kuɗin duka yanzu. Sharaɗin shi ne a san nau'in hatsin, a san ma'auni, a san ranar kawowa. Sai dai a ji tsoron Allah wajen yanka farashi. Wanda ya sayi buhu a rabin kuɗinsa don ya ga manomi a matse, ya ci riba ya kuma sayi ƙiyayyar ƙauye guda.

Jingina da tsayawa

Idan kuɗin suna da yawa, karɓar jingina ba rashin kara ba ne, aya ta 283 ta ambace ta. A rubuta abin da aka ajiye da siffarsa, in zinari ne a auna giram a gaban shaidu, a kuma rubuta cewa in ajali ya wuce za a sayar a farashin kasuwa, ka ɗauki naka, ka mayar masa da ragowar. Jingina ba ta zama taka don an kasa biya. Jinginar gona da aka saba, inda mai kuɗi yake nomewa shekara da shekaru bashin kuma yana nan bai ragu ba, malamai da yawa sun ce riba ce, tunda rance ne ya jawo amfani. Haka hawa babur ɗin jingina ko zuba 'yan haya a gidan. Ko yawan kyautar da wanda kake bi ya fara kawo maka bayan rancen, wadda da can ba ya yi, ka mayar ko ka lissafa ta cikin biya.

Tsaya wa wani kuwa, ka sani hadisi ya ce mai lamuni mai biya ne. In ka ce "ku ba shi, ina tsaye", to ranar da ya gudu ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Kada ka tsaya wa adadin da ba za ka iya biya daga aljihunka ba.

Mai shago a unguwa ba zai iya rubuta takarda kan kowane mudun shinkafa ba. Littafi ɗaya, kowane gida da shafinsa, a rubuta a gaban wanda aka aiko, a yanka wa kowa iyakar da ba zai wuce ba, kuma ba a ɗora sabo sai an sauke tsoho.

In kai ne mai ci

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka ba abin kunya ba ne ka nema. Je da ƙafarka, zuwa da kai ya fi aike. Faɗi adadin da kake bukata tsaf, da ranar da ka tabbata za ka iya, ka ƙara wa kanka sati biyu a kan lissafinka. Kai ka fara cewa a rubuta. Wannan kaɗai yana ɗaga darajarka a idon mai bayarwa. Kada ka ci bashi don biyan bashi, musamman daga manhajojin rance na waya masu ɗora ruwa duk sati, waɗanda in ka makara suke bin lambobin wayarka suna tura wa surukai da abokan aiki saƙon tozarci.

Idan ka hango ba za ka cika alkawari ba, ka je tun kafin ranar, da abin da ya samu a hannunka ko rubu'i ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: faɗi halin da kake ciki, ka nemi sabuwar rana. Kashe waya da bin bayan layi shi yake mayar da jinkiri ya zama cin amana. Kuma muddin ana bin ka, ka ji kunyar idon mai kuɗin wajen kashe-kashen da ba dole ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mai hali zalunci ne. Ya kuma taɓa biyan rancen raƙumi da wanda ya fi shi, ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya. Ƙarin da ka yi da kanka ranar biya, ba da sharaɗi ba, ba da al'adar da aka saba jira ba, halal ne kuma yana buɗe maka ƙofa gaba.

Ranar da aka saɓa

Kwana uku kafin ajali ka tuna masa da saƙo mai taushi. In rana ta wuce da sati, ka same shi shi kaɗai, ba a majalisa ba, ba gaban iyalinsa ba, ba a gidan biki ko makoki ba. Abin da kake son ganewa ɗaya ne: babu ce ta hana shi, ko taurin bashi ne?

In babu ce, aya ta 280 ta yanke: a jira shi har ya samu sauƙi, in an yafe ya fi alheri. Sake tsara biyan, ka rage kason wata, ka tsawaita ajali ba tare da ƙara ko kwabo ba. In ka yanke shawarar yafewa, ka faɗa masa a fili gaban shaidun, ka ba shi takardar ya yaga da hannunsa. Yafewar da aka yi a zuci, ana kuma gori da ita duk lokacin da aka yi saɓani, ba ta sauke wa kowa nauyi ba. Kada kuma ka lissafa abin da ka yafe a cikin zakkarka; mafi yawan malamai ba su yarda da haka ba.

In kuwa yana da shi yake ja maka rai, to kunyar marar kunya asara ce. Bi matakai, kada ka tsallake. Fara da shaidun nan biyu. In bai ji ba, babban da yake jin nauyinsa a dangi, ko limamin unguwa. 'Yan kasuwa su kai wa shugaban layi ko sarkin kasuwa, don a wuri irin Kantin Kwari ko Dawanau mutum ya fi tsoron sunansa ya ɓaci a daina ba shi kaya fiye da sammaci. Daga nan mai unguwa ko dagaci, ko ofishin Hisba a jihohin da suke da ita. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma a nan takardarka da shaidunka za su yi maka magana. Duk sulhun da aka yi a kowane mataki a sake rubuta shi da sabbin ranaku.

Abu biyu ka guje musu ko ranka ya kai maƙura. Kada ka kai shi wurin 'yan sanda don su karɓar maka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, kuma ɗan'uwan da ka sa ya kwana a bayan kanta 'ya'yansa ba za su manta ba. Kada kuma ka buga hotonsa a Facebook ko zauren WhatsApp na dangi. Yana iya juyawa ya yi ƙararka kan ɓata suna, kuma wanda aka riga aka tozarta ba shi da sauran abin da zai tsare ta hanyar biyanka.

Idan rai ya yi halinsa

Bashi ba ya mutuwa da mai shi. A dukiyar mamaci, bayan an yi masa sutura, bashi ake fara fitarwa, sannan wasiyya wadda ba ta wuce ɗaya bisa uku ba, sannan a raba gado. Shi ya sa ake sanarwa a wurin jana'iza cewa mai bin mamaci ya zo ya faɗa. In kana bi, kada ka yi shiru don kara sannan ka taso bayan an raba gida da gona. Bari a share makoki, ka sami babban magaji cikin kwanakin farko da takardarka, ka faɗa masa a keɓe, ko za ka karɓa ko za ka yafe.

Kai ma da kake raye, ware 'yan shafuka a littafi ɗaya: waɗanda kake bi a gefe, masu bin ka a gefe, da adadi da ranaku da sunayen shaidu, har da kayan mutane da suke ajiye a wurinka. Ka riƙa sabunta shi duk lokacin da aka biya ko aka ƙara, ka duba shi gaba ɗaya sau ɗaya a shekara lokacin da kake lissafin zakka, kuma mutum biyu a gidanka su san inda yake.